Jiran Haruna a Gidan Jirgin Ceto

Gidan da na fara sauka a Manchester yana Withington ne, wani tsohon bene mai jan bulo da muke haya mu biyar, kowa da ɗakinsa, kicin ɗaya, banɗaki ɗaya. Ni kaɗai ce baƙar fata a gidan, ni kaɗai ce mai sallah, kuma ni ce babbarsu, domin na haura talatin kafin na samu tallafin karatun. Sunana Rabi. A Kano ma'aikaciyar gidan adana kayan tarihi ce ni, mai kula da tsofaffin akussa da faifai da rigunan saƙi, kuma abin da na zo ƙaro ilmi a kai ke nan: yadda ake adana tarihin mutane a nuna wa jikokinsu.

Yaran gidan ba su da mugunta, amma ba su san da zamana ba. Sai mu haɗu a matakala su yi min ɗan murmushin nan da ba ya kaiwa ido, su wuce. Tukunyata da cokalina a ƙarƙashin gado nake ajiye su, tun ranar da na tarar an soya naman alade a kaskona an bar min shi a jiƙe. Bangon ɗakin kullum a dame yake, har ya yi baƙi a kusurwa, kuma kafin sanyi ya yi nisa na kamu da tarin da ba ya barina in yi karatu.

A kasuwar Gorton Allah ya haɗa ni da Anti Bilki. Na je neman kuɓewa, tari ya sarƙe ni a gaban mai kayan miya, na ce "Wayyo Allah" ban ma sani ba. Sai na ji wata mata a bayana ta ce, "Sannu. Ke 'yar ina ce?" Ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Zariya, ta shekara goma sha wani abu a ƙasar. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan tarin ba na sanyi ba ne kawai, ɗakinki ne. Kin ga GP, likitan unguwa? To gobe ki je. Kuma ina da ɗaki a gidana, babbar 'yata ta tafi jami'a ta bar shi." Kafin wata ya ƙare na tattara na koma Gorton. A ranar na ci tuwon semo da miyar kuka, na yi barcin da rabona da irinsa tun a gida.

Da a ce wahalar tafiyata ta tsaya a nan, da ban ɗauki alƙalami ba.

Ina da ƙane, Haruna, autan Umma. Tela ne, mai hannu sosai. Shekara guda kafin tafiyata shi da abokinsa Iliya, ɗan Iya Lami maƙwabciyarmu a Kurna, suka tafi Agadas neman aiki, daga can suka zarce Libiya. Tare suka tashi, katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu, kuma duk inda ka ga ɗaya ka ga ɗayan. Suna ɗinki a shagon wani Balarabe, suna ɗan aikowa gida, hankalin kowa a kwance.

Wata ranar Laraba da rana ina ɗakin karatu na jami'a sai ga kiran Haruna. Na fita waje na ɗauka. Iska ce take bugun wayar tasa har da ƙyar nake jin sa.

"Yaya Rabi, gobe ko jibi za mu tsallaka."

"Tsallaka ina?"

"Italiya. Ni da Iliya. An gama komai."

Na zauna a kan matakala. Na ce, "Haruna, kai da ko a kududdufi ba ka taɓa iyo ba? Ka san mene ne teku?"

"Ga ni a gabanta, Yaya. A kwance take kamar tabarma. Kuma an ce za a ba mu rigar ruwa."

"An ce? Wa ya ce? Don girman Allah ka fasa. Ka jira in gama karatun nan, za mu san abin yi."

Ya yi dariya, irin dariyarsa ta in ya riga ya yanke shawara. Ya ce nan gaba kaɗan shi zai kawo min ziyara Ingila, in tanadar masa shayi. Ya ce kar in gaya wa Umma sai sun sauka. Ina cikin magana layin ya katse. Na kira, na sake kira, ba ta shiga.

Jibi ta zo ta wuce. Mako ya wuce. Saƙonnin da nake tura masa suna tsayawa a alama ɗaya, ba sa isa. Lambar Iliya ma haka. Na kira Kawu Sule, ƙanen mahaifinmu marigayi, na gaya masa. Ya yi salati, sannan ya ce, "Rabi, kin san hawan jinin uwarki. Kar a gaya mata abin da mu ma ba mu sani ba. Mu bari sai mun ji wani abu tabbatacce." Haka muka tsayar.

Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci nake kiran Umma, kuma kowace Juma'a Iya Lami tana zaune a gefenta, don ita ba ta da wayar da ke kiran waje. Umma takan ce, "Yaran nan shiru, ko ke kin ji su?" Ni kuma in ce wayoyin can ba su da tabbas, mu ci gaba da addu'a. Ina ajiye wayar sai in shiga banɗaki in buɗe famfo don kada Anti Bilki ta ji ni. Na koma mai bin labaran teku. Da na ji an ce jirgin roba ya kife sai in yi ta ƙara girman hotunan ina duba fuskoki. Malamina yana bayani a aji, ni ina kallon allon waya a ƙarƙashin tebur.

Ana cikin haka wata ɗaliba da muke haɗuwa a masallaci ta ce ta ji ana maganar wani mutum a Birmingham mai hanya a Libiya, wanda yake gano mutanen da suka ɓata. Ta samo min lambarsa. Ban gaya wa Anti Bilki ba, don na san za ta hana ni. Ranar Asabar na hau bas da sassafe na tafi.

A Balsall Heath na same shi, a bayan wani shagon gyaran waya, zaune a kan kujerar roba da carbi a hannu. Malam Isiya aka ce min sunansa. Dattijo ne mai furfura a gemu, mai taushin murya, Hausarsa irin ta mutanen Damagaram. Ya sa aka kawo min shayi, ya kira ni 'yarsa. Ya tambayi sunan Haruna da na mahaifinmu da garin da ya kira ni daga ciki, ya karɓi hotonsa. Sannan ya buga waya ya yi ta Larabci, yana ɗaga murya yana saukewa, yana kallona yana girgiza kai. Da ya gama ya ce, "Alhamdu lillahi, 'yata. Ba su hau jirgin ba. An kama su a bakin ruwa, suna gidan bashi."

Gidan bashi shi ne inda ake tsare matafiya a can, ana dukansu har sai danginsu sun biya fansa. Na sha jin labarinsa. Amma wallahi a ranar da aka ce min ƙanena yana can, daɗi na ji. Na fashe da kuka ina godiya ga Allah cewa ana dukan Haruna, domin wanda ake duka yana da rai.

Malam Isiya ya ce sai an hanzarta, don ana sayar da mutane daga wannan gida zuwa wancan. Na ba shi abin da ke asusuna. Ya ce bai kai ba. Na cire awarwaron zinarin da Umma ta ba ni na ɗora masa a tafin hannu. Ya ce in koma in kwantar da hankalina, kafin Juma'a zan ji muryar ƙanena.

Juma'ar ta zo ban ji komai ba. Wayarsa a kashe. Da na koma Birmingham mai shagon ya ce shi ba ya aiki da shi, zuwa kawai yake ya zauna ya sa caji, kuma ba ni ce ta farko da ta zo nemansa ba. Na fito na tsaya a bakin titi, mata suna wucewa da ledojin cefane, yara suna ta Turancinsu na Birmingham. Ba zinarin ne ya fi yi min ciwo ba. Mutumin ya ba ni Haruna da rai, na riƙe shi kwana da kwanaki, yanzu kuma an karɓe, na koma inda nake, ban san ko yana sama da ruwa ko yana ƙarƙashinsa ba.

Da na gaya wa Anti Bilki ba ta yi min faɗa ba. Ta cire takalmin aikinta ta zauna kusa da ni ta ce, "Rent ɗin wannan term, kuɗin hayar nan, ki manta da shi. Amma ki yi min alkawari ɗaya, ba za ki bar karatun nan ba. In kika faɗi, visa ɗinki ta tafi, kin ga Umma ta rasa biyu ke nan."

A wannan halin ne sashenmu ya rarraba mu wuraren koyon aiki. Na so a ba ni wani babban gidan tarihi a cikin gari. Da na buɗe saƙon sai na ga an tura ni wani ƙaramin garin masunta a gaɓar gabas, gidan tarihin jirgin ceto. Na je wurin malamina na roƙe shi ya canza min. Ya tambayi dalili, na kasa faɗa, ya ce wuraren sun cika.

Jirgin ƙasa biyu na hau kafin in isa. A na biyun, bayan mun wuce gonaki da tumaki, sai ƙasa ta ƙare kawai, ga teku. Ban taɓa ganin ta ido da ido ba sai ranar. Ba shuɗiya ba ce kamar a hoto. Toka-toka ce, tana tashi tana faɗuwa kamar wani abu mai numfashi, kuma ba ta da ɗaya gefen. Na tuna Haruna yana cewa a kwance take kamar tabarma. Na sunkuyar da kai ban sake ɗagowa ba har muka tsaya.

Gidan tarihin tsohon ɗakin ajiye jirgin ceto ne, a bakin ruwa sosai, da gangaren dutse da ya sauka daga ƙofarsa har cikin teku. Sabon ɗakin, inda jirgin yanzu yake, yana gefensa. Wadda ta tarbe ni wata tsohuwa ce gajeriya mai farin gashi, Jean, shugabar masu aikin sa kai na wurin. Ta riƙe hannuna da nata biyu ta ce hannuna kamar ƙanƙara, in zo in sha shayi tukun.

Tsakiyar ɗakin wani dogon jirgin katako ne ya cika shi, fentin shuɗi da fari, ba inji, sai manyan filafilai jere a gefe. Jean ta ce da ƙarfin damtse kakanninsu suke tuƙa shi cikin guguwa. Mazan garin masunta ne, ba a biyan su, in aka ji jirgi ya makale sai kowa ya bar abin da yake yi ya rugo. Ta nuna min hoton mata da dogayen siket, sun shiga ruwa har ƙugu suna jan igiya. "Mazan dole su shiga jirgi a bushe, in ba haka ba sanyi zai kashe su kafin su isa. Saboda haka mata ne suke tura shi cikin ruwa. Wannan kakata ce. Da hannunta take tura mijinta, sannan ta tsaya a jiƙe tana jira."

Aikina shi ne in tsara hotuna da tufafin da ke ɗakin sama, in rubuta bayanin kowanne. Da Jean ta ga ina neman inda zan yi azahar, ta share min wani lungu tsakanin tsofaffin igiyoyi da fitilun jirgi, ta shimfiɗa bargo. Na duba alƙibla a waya, sai ta faɗa daidai kan tagar da ke kallon teku. Haka na yi ta sallah a garin nan, ruwan yana gabana, in na ɗaga hannu ina roƙa wa Haruna shi nake gani.

Akwai wasu rigunan sanyi na ulu masu kauri, baƙi-baƙi, a cikin akwati. Na lura saƙar kowacce daban ce: wata kamar igiya, wata kamar tsani, wata kamar ƙashin kifi. Na tambayi Jean. Ta ce kowane gida da irin saƙarsa, uwa ke koya wa 'ya, kuma tsofaffi suna cewa in teku ta dawo da mutum bayan ta ɓata masa fuska, da saƙar ake gane ɗan gidan wa ne. Ta ɗauko ɗaya ta shafa. Ta mahaifinta ce, ta biyun da ya bari a gida. Tana ƙarama jirgin ceto ya kife da su a bakin tashar jiragen ruwa ya rasu, mutanen gari suna tsaye suna kallo.

Na ce zan shiga banɗaki. Me Haruna ya saka ranar? Tela ne, ya ɗinka wa rabin unguwarmu kaya, amma na san da wata rigar ƙwallo ta gwanjo zai hau jirgin nan, irin wadda dubban yara suke sawa. In ruwa ya kai shi wata gaɓa, babu abin da zai nuna ɗan Kurna ne, yana da uwa, yana da suna.

Mutanen garin ba su saba ganin mai hijabi ba. Yawancinsu kallo ne kawai, wasu su gaishe ni. Amma wata rana ina tsaye a teburin karɓar baƙi wani mutum da ya zo yawon buɗe ido da matarsa ya tsaya gaban akwatin taimako, ya dube ni, ya ce da ƙarfi shi ya daina sakawa. Wai a da jiragen ceto mutanen kirki suke cetowa, yanzu kuwa a kudu sun zama tasi, suna kwaso masu shigowa ƙasar a jirgin roba. Ya ce a bar su mana, ai su suka zaɓa.

Jean ta fito daga bayan jirgin da tsumman goge-goge a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mahaifina ya mutu ne a hanyar ceto wasu baƙi da ko yarensu ba ya ji. Ba wanda ya tambaye su takarda. Ƙofa tana bayanka." Mutumin ya fita yana gunaguni. Jean ta ci gaba da goge jirginta. Ba ta san komai game da Haruna ba a lokacin.

Ta sani ne ranar da aka fita ceto. Da la'asar ne, iska tana kaɗawa tun safe har tagogi suna ƙara. Sai na ji gudu a waje. Na leƙa na ga mai sayar da soyayyen kifi ya fito da gyauton aikinsa a ɗaure, ga mai gyaran famfo ya bar motarsa a buɗe, ga wata mata ta taho a guje daga wajen makaranta. Jean ta ce 'yarta ce, Karen, malamar firamare. Wani ƙaramin jirgin kamun kifi ne injinsa ya mutu, uba da ɗansa a ciki, ruwa yana tura su wajen duwatsu. Kafin in gama fahimta har sun saka kayansu masu ruwan ɗorawa, jirgin ya gangara ya faɗa ruwa. Igiyar ruwa ta farko ta ɗaga shi tsaye har na ga cikinsa, ta biyu ta rufe shi, sannan ya ɓullo can gaba.

Muka tsaya a kan gangaren, mu da wasu mata da tsofaffi. Ruwan gishiri yana dukan fuskokinmu, hijabina ya jiƙe ya manne min. Jean ta saƙala hannunta cikin nawa, ta matse shi gam. Na ce mata ai na ɗauka ta saba. Ta ce, "Ba a sabawa. Kowace fita sai na ji kamar ranar Baba."

Ban san lokacin da na fara magana ba. Na gaya mata komai, kiran wayar, shirun, Umma da Iya Lami, mutumin Birmingham. Idonta yana kan teku har na gama. Ba ta ce min yana da rai ba, kuma na gode mata da ba ta faɗa ba. Cewa ta yi, "Tun zuwanki kike ɗauke da wannan, ni kuma ina ta nuna miki rigunan matattu." Ta ƙara matse hannuna. Ta ce akwai masu aikin agaji da sana'arsu ke nan, neman waɗanda suka ɓata a hanyar hijira, suna da mutane a sansanonin can, kuma ba sa karɓar ko kwabo. Ta ce gobe za mu kira su tare.

Gab da magariba wani tsoho ya nuna da sandarsa. Jirgin ceton ne, yana janye da ƙaramin a baya. Aka fito da uban da ɗan a naɗe cikin barguna, suna tafiya da ƙafafunsu. Matar mutumin ta ruga ta rungume ɗan, ta juya ta kai wa mijin duka a ƙirji tana kuka. Karen ta zo ta sumbaci uwarta a ka, leɓɓanta sun yi shuɗi, ta ce yunwa take ji. Na yi murna, Allah ya sani. Amma na hau sama na zauna a lunguna na yi kuka, domin waɗannan an san sun fita, an san inda suke, gari guda ya tsaya yana jiran su.

Washegari muka kira. Wata mata ta yi min tambayoyi cikin haƙuri, ta karɓi hoton Haruna da na Iliya, ta ce ba za ta yi min alkawari ba, kuma abin yakan ɗauki lokaci. Na gama koyon aikina na koma Gorton. Jean ta raka ni tasha da ƙunshin biskit ɗin da ta gasa. Bayan haka duk ranar Lahadi sai ta kira ta ce, "Akwai labari?" in ce babu, sai ta ba ni labarin garin.

Ina tsakiyar rubuta kundin kammala karatu, wata safiya ina wanke-wanke a kicin, baƙuwar lamba ta kira. Matar nan ce ta masu aikin agaji. Ta ce sun samu wani matashi a wani sansani a kudancin Italiya da ya dace da bayanin, yana kusa da abokiyar aikinta yanzu, ko ina so a haɗa mu. Na riƙe bakin wurin wanke-wanken.

"Yaya Rabi."

Muryar ta shaƙe, ta tsufa, amma tasa ce. Na zube a ƙasa ina kiran sunansa. Anti Bilki da ta dawo daga aiki tana barci ta sauko a guje. Da na samu numfashi na ce, "Haruna, wata nawa? Ko a wayar wani ba za ka kira ba? Ka san abin da ka yi mana?"

Ya ce, "Na haddace lambarki, Yaya. Kullum sai na karɓi waya in mayar. In na kira, za a tambaye ni Iliya."

Ya ba ni labarin a gutsuttsure. Ba a ba su rigar ruwan ba. Jirgin ya fara sacewa a yini na biyu, gefe ɗaya ya nutse, mutane suka zube. Shi da Iliya suna riƙe da igiya ɗaya. Wani jirgin ceto ya iso, wani mutum ya kama shi ta wuyan riga ya fizgo shi sama. Da ya juya ya nuna musu inda Iliya yake, babu kowa a igiyar. Sun yi ta zagayawa ba su gan shi ba. Ya ce, "Ni na ce masa mu tafi, Yaya. Shi ya so mu koma gida."

Na kira Kawu Sule. Ya ce zai je gidan da kansa bayan Juma'a tare da limamin unguwa, in bari sai sun isa sannan in kira. Haka aka yi. Da Umma ta ɗauka na ji gidan cike da mata, ana ta salati. Ta kasa ce min komai sai "Rabi, Rabi." Ba ta iya yin murna ba, ƙawarta ta shekara talatin tana zaune a gefenta. Sai na ji ta ce, "Ga Lami, tana son magana da ke."

Na yi mata gaisuwa. Na ce mata a masallacinmu na nan ma za a yi wa Iliya sallah. Ta amsa a hankali, ta ce Allah ya saka. Ta tambaye ni ko ya sha wahala, na ce Haruna ya ce abin bai daɗe ba, kuma suna tare har ƙarshe. Sai ta sake yi min tambaya.

"Rabi, shi wanda ya ciro Haruna daga ruwan, an san ko wane ne?"

Na ce ba a sani ba, Iya, wani Bature ne a cikin ma'aikatan jirgin.

Ta ce, "To in Allah ya sa kin haɗu da irinsu a can, ki ce na gode. Ya yi ƙoƙari. Da ya ga nawa ma, da ya ciro shi."

Ranar Lahadi da Jean ta kira ta ce akwai labari, na ce akwai. Na gaya mata na Haruna, na gaya mata na Iliya, sannan na fassara mata saƙon Iya Lami kalma bayan kalma, don ban san wasu irinsu ba sai su. Da na gama ta ce Karen tana nan kusa, in sake faɗa, ita ma ta ji.